Ladabi a teburin poka: darasin ciniki daga inda ba a zata ba

 

Kwanan baya, cikin shirin da nake gabatarwa a gidan rediyo, wanda masu saurare ke bugo waya su faɗi abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, wata Hajiya mai saida atamfa ta kira, muryarta har rawa take don ɓacin rai. Ta ce tana tsakiyar ciniki da wata baƙuwa, an taya ta ce albarka, an ƙara ta ce albarka, saura ƙiris ta sallama, sai maƙwabciyar rumfarta ta ɗaga irin wannan turmin, ta yi wa baƙuwar alama da yatsu cewa nata ya fi sauƙi. Baƙuwa ta aje turmi ta tsallaka. Hajiya ta ce mini: "Ɗana, jika biyun da na rasa ba su dame ni ba. Shekara goma sha muna shan inuwa guda da matar nan, shi ne abin da ya ƙona mini rai."

Maganar ta tsaya mini a zuciya. Da dare wani ƙanena, wanda ba ya rabuwa da salularsa, ya nuna mini hoton wata gasar karta da aka yi a Amurka cikin 2016. Sunan wasan poka. Na ga mutane zagaye da tebur, kowa da tulin dukiya gabansa, sai ga alƙalin gasa ya zo ya tada wani mutum daga kujerarsa, ya hana shi wasa na ɗan lokaci. Na tambayi ƙanena: sata ya yi? Ya ce a'a. Karta ya ɓoye a aljihu? Ya ce a'a. Laifinsa shi ne ya takura wa wata mata da surutu sa'ad da take tunanin abin da za ta yi da dukiyarta. Na ce ikon Allah! Ashe har a gidan caca akwai abin da ake kira rashin ladabi, har ana hukunta mutum a kansa. Abin da ya sa na bi diddigin ladubban wannan tebur ke nan, na kawo muku.

Mu faɗi gaskiya tun da fari

Poka ta kuɗi caca ce. Hukuncin caca kuwa ba ɓoyayye ba ne gare mu, aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya wuri guda. Ladabi ba ya halatta ta, kamar yadda wanke kwalbar giya ba ya maida abin da ke ciki fura. Kuma ko ta fuskar lissafi, gidan cacar yana yankar kasonsa daga kuɗin da aka zuba, ko wa ya ci ko wa ya faɗi, shi ya sa mai gidan ne kaɗai ba ya kwana da asara. Don haka ban zo in koya wa kowa caca ba. Na zo ne da tambaya guda: mutanen da suka zauna musamman don kowa ya kwashe kuɗin ɗan'uwansa, me ya tilasta musu kafa ladubba masu tsanani haka? Amsar ta shafi duk wanda ke zama gaban wani ana maganar kuɗi.

Yadda wasan yake a taƙaice

Ana yin sa da karta 52, irin wadda samarinmu ke buga belot da ita a fada ana jiran shayi, sai dai ita belot 32 take ɗauka. Nau'in da ya fi yaɗuwa shi ne Teksas Holdem. Mai rabo, wanda ma'aikacin gidan ne kuma ba ya cikin wasa, zai bai wa kowa karta biyu a kife. Sannan ya shimfiɗa biyar a tsakiyar tebur kowa na gani: uku tare, sai ɗaya, sai ɗaya. Kowa zai haɗa nasa biyun da na tsakiya ya fidda biyar mafi ƙarfi. Tsakanin kowane mataki ana zubi, kuma ba a zuba takardar kuɗi, sai wasu ƙwandaloli masu launi-launi da ake kira jeto, kowane launi da darajarsa. In layi ya zo kanka, ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara, ko ka janye ka bar abin da ka riga ka zuba.

Gishirin wasan shi ne burga. Mutum na iya riƙe karta marar amfani, ya zuba dukiya mai yawa fuskarsa a sake, har mai karta mai kyau ya tsorata ya janye. A 2003 wani akanta mai suna Chris Moneymaker, wanda bai taɓa shiga babbar gasa ba, ya yi wa gwani Sam Farha irin wannan burga sa'ad da suka rage su biyu. Kartar Farha ta fi tasa, amma ya janye. Daga ƙarshe Moneymaker ya cinye gasar da mutum 839 suka shiga, ya tashi da dalar Amurka miliyon 2 da rabi. Babu wanda ya kira shi macuci, tafi aka yi masa. A nan ne abin yake da ban sha'awa: ɓoye abin da ke hannunka halas ne a dokar wasan, kamar yadda babu mai tilasta wa ɗan kasuwa ya faɗi nawa ya sari kaya ko kuɗin da zai sallama a kai. Amma akwai iyakar da in ka tsallake ta, ka tashi daga gwani ka koma marar mutunci.

Daga bindiga zuwa rubutacciyar doka

Wasan ya girma ne a kudancin Amurka cikin ƙarni na 19, a wajejen birnin Niyu Orliyans da cikin jiragen ruwan da ke bin kogin Misisipi ɗauke da fatake da ƴan ci-rani. A wancan zamani gardamar tebur sau da yawa wuƙa ko bindiga ke raba ta. Ranar 2 ga Agusta 1876, a garin Deadwood, wani mai suna Jack McCall ya harbe sanannen ɗan bindiga Wild Bill Hickok ta baya yana tsakiyar wasan poka. Shi McCall ya ce fansar ɗan'uwansa ya ɗauka. Amma masu ba da tarihi sun ruwaito cewa kwana ɗaya kafin nan an cinye shi ƙaƙaf a tebur, Hickok ya miƙa masa kuɗin karin kumallo tare da yi masa nasiha, shi kuwa ya ɗauki abin a matsayin wulaƙanci. An rataye McCall a 1877. Ko wanne ne gaskiya, darasin na nan: wanda ya yi asara zuciyarsa ɗanyen gyambo ce, ko alheri za ka yi masa sai ka san yadda za ka miƙa shi.

A 1970 wani mai gidan caca a Las Begas, Benny Binion, ya tara gwanaye ƴan ƙalilan a gidansa, daga nan aka haifi gasar poka ta duniya da ake taƙaita sunanta WSOP. Tun 1972 kuɗin shiga babban wasanta dalar Amurka 10.000 ne, wato sama da miliyon 5 na sefa. Da taro ya yi yawa, kowane gida da tasa al'ada, sai rigingimu suka yawaita. A 2001 mutum huɗu, Matt Savage, David Lamb da mata biyu, Linda Johnson da Jan Fisher, suka kafa ƙungiyar alƙalan gasa mai suna TDA don a daidaita dokoki. Abubuwa da dama da a da kunya ce kawai ke hana su, yanzu suna rubuce, da hukuncinsu hawa-hawa: gargaɗi, hana mutum rabo ɗaya, hana shi zagaye guda ko fiye jetonsa na raguwa yana kallo, har zuwa kora.

Magana zarar bunu ce

Ladabi na farko, kuma uban sauran: abin da ka furta a layinka ya hau kanka. In ka ce ka ƙara, ka ƙara ke nan, ko da harshe ne ya suɓuce. In ka ce ka zuba duka, babu "wasa nake". Haka kuma ba a yarda ka tura jeto kaɗan, ka saci kallon fuskar abokin wasa, sannan ka koma ka ɗebo ƙari ba. Ko ka faɗi adadin da baki tun farko, ko ka tura su a tashi ɗaya. Dalili kuwa, mai zubi guntu-guntu yana auna tsoron mutane ne kyauta, bai ɗauki kasadar komi ba.

Akwai masu bin ta gefen wannan doka, ba su karya ta ba amma sun ci amanarta. A 2011, a babbar gasar Turai da aka yi a Madrid, wani ɗan Benezuwela mai suna Ivan Freitez ya furta cewa ya ƙara, sannan ya tura jeto daidai na bi, ya shiga nuna wai kuskure ne, bi ya yi nufi, Turanci ne bai iya ba. Ya san sarai alƙali zai tilasta masa ƙarin, abokin wasansa kuma zai zaci kartarsa ba ta da ƙarfi. Alƙalin gasar, Thomas Kremser, ya tilasta ƙarin kamar yadda doka ta ce, amma ya juya ya gaya wa abokin wasan, Eugene Yanayt, a gaban kowa cewa mutumin nan ya taɓa yin haka, kuma a lokacin babbar karta ce a hannunsa. Duk da haka Yanayt ya bi, aka cinye shi. Freitez ya ci gaba har ya lashe gasar, ya karɓi yuro miliyon 1 da rabi, kusan miliyar guda na sefa. To amma har yau in an ambaci sunansa tsakanin masu wasan, wannan dabara ake fara tunawa kafin kofin.

Alkawarin da aka yi a wajen tebur ma kaya ne. Jamie Gold ya ci gasar duniya ta 2006, wadda mutum 8.773 suka shiga, ladanta dalar Amurka miliyon 12. Kafin ya gama murna, wani mai suna Crispin Leyser ya kai ƙara cewa Gold ya yi masa alkawarin rabin abin da zai samu. Kotu ta riƙe miliyon 6, sai a farkon 2007 suka sasanta tsakaninsu.

Ku ƴan kasuwa kun fi ni sanin wannan. In mai kaya ya ce "na sallama", mai saye ya ce "na saya", ciniki ya faɗa, ko ba takarda ko ba sa hannu. Buhunan wake da albasa nawa ke tashi daga Maraɗi da Galmi bisa kalmar baki kawai? Ranar da aka san mutum da "ai ban ce haka ba", ranar jarinsa na gaskiya ya karye, ko da sitonsa cike yake.

Jira layinka, kuma kada ka sa baki

Wasa yana zagayawa ne ta hannun hagun mai rabo, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya jefar da kartarsa ko ya zuba jeto kafin layi ya iso gare shi ya yi laifi, domin ya ba wasu labarin da bai kamata su samu ba, ya cuci wanda ke tunani. Shi ma mai tunanin ba a bar shi ya shanya mutane ba. In ya wuce kima, kowa a teburin na da ikon neman alƙali ya ƙidaya masa lokaci, in ya cika bai ce komi ba, kartarsa ta mutu.

Wanda ya riga ya janye kuwa, aikinsa shiru. Ba ya faɗin kartar da ya jefar, ba ya dafe kai ko ya yi tsaki in ya ga wadda aka shimfiɗa ta dace da tasa, ba ya ba kowa shawara ko da ƙanensa ne. Ƙa'idar ita ce hannu ɗaya, mutum ɗaya. A gidajen wasa na Amurka har harshe an ƙayyade, Turanci kaɗai ake yi muddin karta na hannu, don kada mutum biyu su juya harshe su ƙulla wa na uku. Wanda ya taɓa tsayawa ciniki a Katako, masu kaya biyu suka koma wani yare a gabansa suna dariya, ya san yadda abin yake a rai.

Zamani ya kawo sabon salon sa baki. A 2024 mutum 10.112 suka shiga babbar gasar duniya, Jonathan Tamayo ya ci dalar Amurka miliyon 10. Sai dai an ga abokansa a bakin shinge da kwamfuta a buɗe, yana zuwa wurinsu tsakanin rabo da rabo. Ba a karɓe masa nasara ba, amma surutu ya yi yawa, har masu gasar suka tsananta doka kan na'urori a kusa da tebur. A 2025 kuma, a ɗaya daga cikin wasannin gasar, bayan bincike kan yadda mutum biyun ƙarshe suka yi wasa tsakaninsu, an ƙi bayyana kowa a matsayin zakara, an hana munduwar zinariyar da ake bai wa wanda ya ci. Haɗa baki shi ne babban abin ƙyama a teburin.

Mu kuwa tun kafin a san Las Begas malamanmu ke karantar da cewa ba a ciniki a kan cinikin ɗan'uwa, kuma an hana abin da suke kira najashu, wato mutum ya taya kaya da tsada ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya. Abin da ya sami Hajiya mai atamfa ke nan: wadda ba ta cikin ciniki ta sa baki.

Karta a ɓoye, dukiya a fili

Kartarka sirrinka ce, amma jetonka ba sirri ba ne. Dole ka jera su tsaf, masu babbar daraja a gaba ko a sama inda kowa zai gani, domin wanda zai kara da kai yana da haƙƙin sanin nauyin abin da zai tunkara. Ɓoye manyan jeto bayan ƙanana daidai yake da cika bakin buhu da hatsi mai kyau a bar tsakuwa a gindi. Ba a kuma watsa jeto cikin tulin tsakiya, sai ka aje su gabanka mai rabo ya ƙirga, don kada a rasa gane ko ka cika ko ka rage. A wasan kuɗi hannu, ba a yarda ka zare wani abu daga ribarka ka sa aljihu kana ci gaba da zama ba. In za ka tashi ka tashi da duka, in kana zaune dukiyar ta zauna.

Tsaron kartar kuma a wuyan mai ita yake. Shi ya sa za ka ga kowa ya ɗora jeto ko wani ɗan abu mai nauyi a kan nasa biyun. A gasar duniya ta 2009, wata ƴar jaridar tele ta Faransa, Estelle Denis, ta zuba duk abin da take da shi, ta ce as biyu ne a hannunta, wato kartar da ta fi kowace a farkon rabo. Ba ta danne su da komi ba, mai rabo ya share su cikin kuskure ya haɗa da waɗanda aka jefar. Aka nema ba a tabbatar da su ba. Hukunci ya faɗa kanta, ta yi asarar wani kaso na jetonta ba tare da an gwada kartarta ba. Kuskuren na ma'aikaci ne, asarar ta mai kaya ce. Wadda ta taɓa barin rumfa a hannun yaro ta je salla ta dawo lissafi bai cika ba, ba ta bukatar a yi mata fassara.

Ladabin wanda ya ci

Cikin duk abin da masu poka ke ƙi, babu kamar jan rai. Shi ne mutum ya san tabbas shi ya ci, amma ya yi ta jinkiri, yana ɓata fuska kamar mai shakka, har abokin wasansa ya sa rai, sannan ya buɗe kartarsa. Ba ya ƙara masa ko tamma, daɗin ganin wani ya wulaƙanta ne kawai.

A 2015, a teburin ƙarshe na gasar ƙasar Ailan a birnin Dablin, wani Bajamushe mai suna Andreas Gann ya yi wa dattijo Donnacha O'Dea haka. O'Dea mutum ne mai girma a wurinsu, ya taɓa wakiltar ƙasarsa a ninƙaya a wasannin Olimpik na 1968. Gann na riƙe da kartar da babu mai bugun ta a wannan mataki, amma ya zauna yana ta nazarin ƙarya kafin ya bi. Da ya buɗe, sauran ƴan teburin suka nuna masa ɓacin ransu a fili. Saura karta biyu a shimfiɗa. Ta ƙarshe na faɗowa sai ta juya wasan, dattijo ya ci, Gann ya fita daga gasar, ɗaki ya kaure da sowa. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Sauran ladubban mai nasara sanannu ne. Ka buɗe kartarka nan take. Kada ka yi rawa a gaban wanda ka cinye. Kada ka yi masa wa'azin inda ya yi kuskure. In ka nuna wa mutum ɗaya kartarka bayan rabo, kowa na da haƙƙin gani. A Amurka al'ada ce wanda ya kwashi tuli ya ɗan miƙa wa mai rabo wani abu, kamar dai yadda ba a tashi daga cinikin dabba a manta da la'adar dillali. Kuma duk da doka ba ta hana ba, ana ganin ƙaranta ce mutum ya ci babban tuli ya zabura ya tafi nan take.

Ladabin wanda aka cinye

Faɗuwa ma da nata ladabi. Ba a jifan mai rabo da karta, shi rabo kawai ya yi. Ba a zagin wanda ya yi wasan banza sa'a ta taimake shi. Phil Hellmuth ya ci gasar duniya a 1989 yana ɗan shekara 24, kuma ya tara munduwa 17, babu wanda ya kai shi. Amma an fi saninsa da bori in an cinye shi. A 2008 ya yi ta zazzaga wa wani ɗan Romaniya, Cristian Dragomir, baƙaƙen maganganu yana kiransa wawa don ya ci shi da karta marar ƙarfi. Aka yanke masa hukuncin zagaye guda, washegari aka sassauta ya koma gargaɗi, mutane da yawa suka ce don shi babba ne. Ko a can ma, kun ji, doka takan ji nauyin babbar riga.

Mutumin da na gani a salular ƙanena kuwa William Kassouf ne, lauya daga Ingila. Matar ita ce Stacy Matuson. Ya zuba mata burga, ya bi ta da surutu ba ƙaƙƙautawa, aka gargaɗe shi ya yi shiru, ya koma yi da hannu. Ta janye da sarauniya biyu a hannunta, shi kuwa ya buɗe kartar banza yana alfahari. Burgar ta halatta, tulin nasa ne, amma shugaban alƙalai Jack Effel ya hana shi zagaye guda saboda halinsa. Bai daddara ba. A 2025, bayan an fitar da shi daga babbar gasar, aka raka shi waje, aka hana shi sauran wasannin shekarar. Baki shi ke yanka wuya.

Me ya sa suka damu haka?

Kada mu ɗauka tsoron Allah ne ya kawo waɗannan ladubba, lissafi ne. Gwanayen poka sun gane cewa abincinsu na hannun ɗan koyo da mai zuwa don nishaɗi. In aka zage shi, aka ja masa rai, aka haɗa masa baki, gobe ba zai dawo ba, in kuwa bai dawo ba tebur ya mutu, gwanaye su zauna suna kallon juna. Shi ya sa tsofaffin hannu ke kwaɓar yaro mai zafin kai in ya fara yi wa baƙo dariya. Sun kuma gane cewa mutanen da ka zauna da su yau, su za ka tarar gobe da jibi. Ribar rashin mutunci ta yini ɗaya ce, sunan da za ta bar maka na shekaru ne.

To in masu caca, waɗanda sana'arsu ba ta da albarka, sun gane haka, ina ga mu da muke neman halas, muke buɗe rumfa da bisimilla? A Kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko ta Tawa, ba a hana kowa wayon ciniki ba. Riƙe farashinka a ciki, ka ce albarka fuska a sake, ka bar mai saye ya tafi ya dawo. Wannan gwaninta ce. Amma in ka sallama ka sallama. Mudu ya zama mudu, abin da ke bakin buhu ya zama shi ne a gindi. In maƙwabci na ciniki, kame bakinka da yatsunka har su rabu. In ka yi riba a kan mutum, ka sallame shi da fara'a da ɗan gyara, kada ya juya baya ka bi shi da dariya. In kuma ranar ba taka ba ce, kada ka huce a kan yaron shago.

Ku iyaye mata da ke ganin ɗiyanku sun duƙufa kan salula suna kallon wannan wasa, ku gaya musu gaskiya biyu. Ta farko, a gasar da mutum dubu goma suka shiga, mutum guda ake ɗauka hoto da tulin kuɗi, mafi yawansu kuwa hannu rabbana suke komawa gida. Ta biyu, in akwai abin ɗauka a teburin nan, to cika magana ne da sanin girman abokin zama, kuma wannan ba sai an je Las Begas ba, yana nan a rumfar kakanninsu.

Ita kuwa Hajiya mai atamfa, ta sake bugo waya bayan mako biyu. Ta ce shugabar matan layinsu ta zaunar da su, maƙwabciyar ta ba da haƙuri, har ta aiko mata da goro. Na tambaye ta ko ta huce. Ta yi dariya ta ce: "Na yafe, ɗana. Amma yanzu in ina ciniki, ido ɗaya na kan mai saye, ɗaya na kanta." Kun ji abin da yatsu biyu suka jawo: an yafe, amma amanar shekara goma sha sai an sake gina ta daga tushe.

Allah shi ba mu ciniki mai albarka, shi tsare mu da dukiyar da ba ta da amfani. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili.